Tsadar inshorar gida a Amurka: Canza kamfani ba ya canza inda gida yake

A ƙarshen watan Mayun 2023, kamfanin State Farm, wanda ya fi kowa yawan gidajen da yake wa inshora a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya sanar da cewa ya daina karɓar sabbin masu gidaje a jihar. Dalilai uku ya bayar: tsadar gini, ƙaruwar bala'o'i irin su gobarar daji, da tsadar inshorar da shi kansa yake saya daga manyan kamfanonin da ke tsaya masa idan asara ta fi ƙarfinsa. Kafin shi, kamfanin Allstate ya riga ya ja tasa ƙofar tun ƙarshen 2022 ba tare da wata hayaniya ba. A watan Maris na 2024 kuma State Farm ya ce ba zai sabunta yarjejeniya kusan 72,000 ba, ciki har da ta gidajen zama kimanin 30,000. Wasu daga cikin waɗannan gidaje suna unguwar Pacific Palisades ta birnin Los Angeles, wadda wuta ta cinye a Janairun 2025, ƙasa da shekara ɗaya bayan sanarwar.

Duk lokacin da takardar sabunta inshora ta iso da ƙarin kuɗi, shawarar da ake ba mai gida a Amurka guda ɗaya ce: ya zaga kasuwa, ya tambayi kamfanoni uku ko huɗu, ya ɗauki wanda ya fi sauƙi. Jaridu suna maimaita ta, shafukan kwatanta farashi kuwa da ita suke cin abinci. Shawarar ba ta da laifi a kanta, amma rabin magana ce, kuma rabin da ake bari shi ne mai tsadar. A yankunan da wuta ko guguwa ko ƙanƙara suka zama abin kowace shekara, kuɗin da kamfani ya rubuta a takarda ƙiyasi ne na haɗarin da gidan yake ciki. Idan wani kamfani ya kawo farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran, haɗarin bai ragu ba. Sau da yawa an mayar da wani kasonsa kan mai gidan ne, cikin layukan da ba a cika karantawa ba.

Wanda ya saba ganin mutum ya sayi fili a Kano ko Maraɗi ya riƙa ɗora bulo a hankali da guminsa zai iya tambayar me ya sa ba za a haƙura da inshorar gaba ɗaya ba. Amsar tana wajen banki. Yawancin gidaje a Amurka da bashi ake sayensu, bashin da ake biya wata-wata har shekara 30, kuma gidan shi ne jingina. Babu wata doka da ta tilasta wa mutum yin inshorar gidansa, amma bankin da ya ba da bashin yana sanya ta a cikin sharuɗɗa. Galibi ma bankin ne ke karɓar kuɗin inshorar tare da biyan wata, ya ajiye, ya miƙa wa kamfani idan shekara ta zagayo. Saboda haka mutumin da ya ci bashi a kan kuɗin ruwan da ba ya canzawa, yana ganin ya san abin da zai riƙa biya har ƙarshe, sai ya wayi gari biyan watansa ya ƙaru. Idan kuwa ya bari inshorar ta yanke, banki zai saya masa wata da kansa ya ɗora masa kuɗin, kuma irin wannan ta fi tsada, sannan kuɗin bankin take karewa, ba ruwanta da kayan ɗakinsa.

Abin da ya tayar da farashin ba a ɓoye yake ba. Inshorar gida alkawari ne na sake gini, kuma tun bayan annobar korona katako da kayan rufi da ladan magina suka yi tashin gwauron zabo. Gidan da aka ƙiyasta sake gina shi shekara biyar da suka wuce ba zai ginu da wannan kuɗin yau ba. Sai kuma bala'o'in da suka riƙa bin juna: gobarar da ta shafe garin Paradise a 2018 ta kashe mutum 85, guguwar Laura a 2020 da Ida a 2021 a jihar Luwiziyana, guguwar Ian a Satumban 2022 a Fulorida. Ko jihohin tsakiyar ƙasar, waɗanda ba su da teku ba su da gobarar daji irin ta yamma, ƙanƙara da iska mai ƙarfi suna fasa musu rufin gidaje duk shekara. A sama da duk wannan akwai manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, irin su Munich Re na Jamus da Swiss Re na Suwizalan da kasuwar Lloyd's ta Landan. A farkon 2023 suka ɗaga farashinsu sosai, suka kuma ƙara yawan asarar da ƙaramin kamfani zai ɗauka da kansa kafin su sa hannu. Kowane kamfani da mai gida zai buga wa waya, daga wannan rijiya ɗaya yake ɗiban ruwa.

To idan haka ne, ta ina farashi mai sauƙi yake fitowa?

Hanya ta farko ita ce kason da mai gida zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biyan diyya. A da an saba da adadi tsayayye, kamar dala 1,000. Yanzu a jihohin guguwa da ƙanƙara ana lissafa shi da kaso cikin ɗari na ƙimar gidan, daga 1 ko 2 har zuwa 5, wani wuri ma 10. A ɗauki gidan da aka yi wa inshora kan dala 400,000. Kashi 2 cikin 100 dala 8,000 ne, kashi 5 kuwa dala 20,000. Mutumin da ya yi murnar rage 'yan ɗaruruwan daloli a shekara ta hanyar amincewa da kashi 5 ya yarda ke nan cewa ranar da iska ta yaye masa rufi, shi zai fara nemo dala 20,000. Idan yana da su a ajiye, cinikin na iya zama mai hankali. Idan ba shi da su, takardar da ya riƙe ta gamsar da banki ce kawai.

Hanya ta biyu rufin gida ne, kuma nan aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai yarjejeniyar da ke biyan kuɗin sabon rufi, akwai kuma wadda ke biyan ƙimar tsohon bayan an cire shekarun da ya yi. Rufin da ya shekara 15, idan an lissafa shi a matsayin mai rayuwar shekara 20 ko 25, abin da zai rage a ƙimarsa kaɗan ne, daga cikin kaɗan ɗin kuma za a sake cire kason mai gida. A takardar farashi bambancin layi ɗaya ne. A ranar asara bambancin dubban daloli ne. Wasu kamfanonin ma sun daina aika ma'aikaci ya hau tsani. Hotunan sama da jirage ko na'urori marasa matuƙi suka ɗauka su ake dubawa, a aiko wa mutum wasiƙa cewa ya canza rufi ko ya nemi wani kamfanin.

Ta uku ita ce rage adadin da aka yi wa gidan inshora a kai. Mutane da yawa suna rikita farashin gida a kasuwa da kuɗin sake gina shi, alhali abubuwa biyu ne daban. Fili ba ya ƙonewa, amma gini bayan bala'i yana tsada fiye da kullum, domin unguwa guda ce take neman magina da kaya a lokaci ɗaya, ga dokokin gini da suka ƙara tsauri tun bayan da aka yi tsohon ginin. Gobarar Marshall da ta cinye gidaje sama da 1,000 a jihar Kolorado a ƙarshen Disambar 2021 ta nuna haka ƙarara: da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna da inshora, sun biya kuɗinsu ba fashi, amma diyyar ta gaza kuɗin gini da tazara mai yawa.

Sai ambaliya, wadda ita ce ramin da ya fi cin mutane. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ruwan da ya taso daga ƙasa, ko na kogi ne ko na teku ko na ruwan sama da ya cika tituna. Wannan sai an saya daban, galibi daga shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968, wanda iyakar abin da yake biya a gidan zama dala 250,000 ne na gini da dala 100,000 na kayan ciki, kuma a ƙa'ida sai bayan kwana 30 da saye yake fara aiki. Birnin Houston, inda 'yan Najeriya suke da yawa, ya ga wannan a guguwar Harvey ta 2017, lokacin da mafi yawan gidajen da ruwa ya shiga ba su da inshorar ambaliya. A Satumban 2024 guguwar Helene ta maimaita darasin a tsaunukan yammacin jihar Karolina ta Arewa, kewayen garin Asheville, wurin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, inda mutane suke ganin ambaliya matsalar 'yan gaɓar ruwa ce. Duk yawan kamfanonin da mutum zai kwatanta, in bai tambayi batun ruwa ba, dukkansu shiru za su yi masa iri ɗaya.

Akwai kuma tambayar ko kamfanin da ya yi alkawarin zai rayu har ranar cikawa. A shekarar 2022 kaɗai kamfanonin inshorar gida shida suka durƙushe a Fulorida, a Luwiziyana ma kimanin goma sha biyu suka faɗi bayan guguwar 2020 da 2021. Galibinsu ƙananan kamfanoni ne da suka cika kasuwa da farashi mai sauƙi bayan manyan sun janye. Kowace jiha tana da asusun da ke biyan mutane idan kamfani mai cikakken lasisin jihar ya karye, amma yana da iyaka, ga jinkiri. Akwai kuma wani rukunin kamfanoni da aka yarda su sayar da inshora a kan haɗarin da sauran suka ƙi, ba tare da hukuma ta tantance farashinsu ba, kuma wannan asusun ba ya tsaya wa abokan cinikinsu. Mai gidan da dillali ya kai can ya kamata a ce an faɗa masa haka baki da baki. Arha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Duk wannan ba ya nufin mutum ya rungume hannu ya biya duk abin da aka rubuto masa. Kamfanoni suna da wata ɗabi'a ta ƙara wa tsohon abokin ciniki kuɗi kaɗan-kaɗan, domin sun san mutane suna ƙyuyar canji, yayin da suke jawo sabo da rangwame. Abin ya yi muni a Birtaniya har hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta haramta shi daga Janairun 2022, ta ce ba za a caji mai sabunta inshorar gida ko ta mota fiye da yadda za a caji sabon shiga ba. A inda babu irin wannan doka, zaga kasuwa ita ce kariyar mutum. Sai dai zagawar tana da ladabinta. A ajiye shafin farko na tsohuwar yarjejeniya a gaba, a nemi kowane kamfani ya ba da farashi a kan adadi ɗaya, kason mai gida ɗaya, sharaɗin rufi ɗaya. In ba haka ba ana kwatanta mudu da tiya ne. A fara tun ana saura wata ɗaya ko biyu wa'adi ya cika. Kada a soke tsohuwar sai sabuwar ta fara aiki a rubuce, musamman da yake sabon kamfani yana da damar duba gidan a makonnin farko ya ce ya fasa. Kuma a sani cewa tarihin neman diyya yana bin mutum da gidan: akwai rumbun bayanai da kamfanonin suke dubawa, wanda ke riƙe da shekara bakwai na baya, har da abin da ya faru a gidan kafin mai shi na yanzu ya saya. Dillali mai zaman kansa, wanda ke hulɗa da kamfanoni da dama, ya fi wakilin kamfani ɗaya amfani a irin wannan kasuwa, ko da yake shi ma kamasho yake ci, kuma ba laifi ba ne a tambaye shi nawa.

Inda maganar ta fi ƙarfin mai gida shi kaɗai shi ne wajen gwamnatocin jihohi, domin su ma sun daɗe suna irin wannan cinikin na neman arha, sai dai da dukiyar jama'a. A Nuwamban 1988 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da wata doka, mai lamba 103, wadda ta ce kamfani ba zai ƙara farashi ba sai kwamishinan inshora, wanda shi ma zaɓensa ake yi, ya amince. Dokar ta kare mutane daga zalama shekaru da yawa, wannan ba a musunsa. Amma ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun tilasta lissafa haɗarin gobara da asarar shekara 20 da suka wuce, sun kuma hana sanya kuɗin inshorar manyan kamfanoni a cikin farashi. Wato ana auna wutar gobe da ma'aunin jiya. Da kamfanoni suka ga ba za su iya cajin abin da lissafinsu ya nuna ba, sai suka daina sayarwa a wuraren haɗari. Mutane suka kwarara zuwa FAIR Plan, tsarin mafakar ƙarshe da jihar ta kafa tun 1968, wanda ya fi tsada kuma abin da yake rufewa bai kai na inshorar yau da kullum ba.

Sai a Disambar 2024 kwamishina Ricardo Lara ya kammala sauya ƙa'idojin, ya ba kamfanoni damar amfani da hasashen kwamfuta da kuɗin inshorar baya, bisa sharaɗin su ƙara sayarwa a yankunan wuta. Makonni kaɗan bayan haka gobarar Los Angeles ta tashi, ta lalata gine-gine sama da 16,000, ta kashe aƙalla mutum 30. A Fabrairun 2025 FAIR Plan ya nemi dala biliyan 1 daga kamfanonin jihar domin ya iya biyan diyya, aka kuma ba su izinin karɓo rabin kuɗin daga abokan cinikinsu. A watan Mayu aka amince wa State Farm ƙarin gaggawa na kashi 17 cikin 100. Kuɗin da aka ƙi biya a hankali sai ga shi ya zo a dunƙule, kuma har da mai ƙaramin gida a tsakiyar gari, wanda bai taɓa zama kusa da daji ba, a cikin masu biya.

Fulorida ta bi wata hanyar ta isa wuri makamanci. Bayan guguwar Andrew ta 1992 manyan kamfanoni suka fara ja da baya, a 2002 jihar ta kafa kamfaninta mai suna Citizens domin waɗanda suka rasa mai karɓarsu. A 2023 yarjejeniyoyinsa suka kai kimanin miliyan 1.4, mafakar ƙarshe ta zama kamfani mafi girma a jihar. Idan guguwa ta cinye asusunsa, doka ta ba shi ikon ɗora ƙarin kuɗi a kan masu inshora a faɗin jihar, har da masu inshorar mota waɗanda haya suke zaune. A nan akwai wata cuta ta daban: alƙaluman hukumar jihar sun nuna cewa a shekarun da suka gabaci 2022 kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarar da ake kai kamfanonin inshorar gida a duk Amurka a Fulorida ake shigar da su, alhali neman diyyar jihar bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba. Majalisar dokokin jihar ta rufe wannan ƙofa a Disambar 2022, sabbin kamfanoni suka shigo, Citizens ya ragu sosai. Amma dokar da ta hana lauyoyi da 'yan kwangila cin ganima ita ce ta sa mai gidan da aka tauye wa haƙƙi da gaske yanzu yake shakkar zuwa kotu, domin kuɗin lauya a kansa yake.

Masu adawa da barin farashi ya bi haɗari suna da hujja mai nauyi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Tsohuwar da ta gama biyan bashin gidanta, take rayuwa da kuɗin fansho a unguwar da aka haife ta, ba ita ta canza yanayi ba, ba ita ta ba da izinin gini a bakin daji ba. A ce mata farashi saƙo ne, ta tashi ta koma wani wuri, magana ce ta wanda ba shi ne zai tashi ba. Irinta ne suke haƙura da inshorar gaba ɗaya tunda babu bankin da ke tilasta musu, kuma su ne suke rasa komai idan abin ya faru. Sai dai taimakonta ba ya buƙatar a danne farashin kowa, har da na attajirin da ke gina sabon katafaren gida a bakin teku. Ana iya tallafa mata ita kaɗai, a fili, daga kasafin kuɗi, inda kowa zai ga nawa aka kashe. Birtaniya ta yi wani abu mai kama da haka a 2016 da tsarin Flood Re, wanda ke sauƙaƙa inshorar ambaliya ga gidajen da suke cikin haɗari, amma ta cire duk gidan da aka gina daga 2009 zuwa sama, domin kada tallafin ya zama gayyatar ƙarin gini a kwarin ruwa. An kuma sa masa wa'adin ƙarewa a 2039.

Jihar Alabama, wadda ba ta cikin masu arzikin Amurka, ta zaɓi ta taɓa gidan da kansa. Tana ba masu gidaje tallafin da ya kai dala 10,000 su sake rufi bisa wani mizani mai suna Fortified: ƙusoshi masu zobe waɗanda ba sa zarewa da sauƙi, liƙe mahaɗar allunan rufi domin ruwa kada ya shiga ko da saman ya yaye, da ƙarfafa gefunan da iska take fara kamawa. Dokar jihar ta wajabta wa kamfanoni su rage wa irin waɗannan gidaje kuɗin inshorar iska a yankin gaɓar teku. Da guguwar Sally ta sauka a can a Satumban 2020, gidajen da aka yi wa wannan aiki sun fi maƙwabtansu tsira, diyyar da aka nema a kansu ta yi ƙasa. Luwiziyana ta kwaikwayi tsarin a 2023, kuma masu neman tallafin sun fi kuɗin da aka ware yawa, har ta kai ana yin ƙuri'a kafin a zaɓi gidajen da za a fara da su.